Tuta Uku a Kalapara

Daga garin Patuakhali in ka nausa kudu, za ka tarar ƙasa da ruwa ba su gama rabon gado ba har yau. Babu dutse, babu tsauni, babu ko ɗan jigawa. Duk abin da ya ɗara gonakin shinkafa tsawo, hannun mutum ne ya ɗaga shi. Titi a kan tarin ƙasa yake, gida a kan dandamalin laka, masallaci haka, har maƙabarta. Kusan kowane gida da kududdufinsa a gefe, domin daga nan aka haƙo ƙasar da aka ɗora gidan a kai, ramin kuma ya zama wurin wanka da kiwon kifi.

Ta ruwa na shigo gundumar Patuakhali. A tashar Sadarghat da ke Dhaka, babban birnin Bangladesh, manyan jiragen fasinja masu hawa-hawa suna tashi da almuru, su kwana suna ratsa koguna, gari ya waye musu a kudu. Tun da aka buɗe gadar Padma a 2022 jama'a da yawa sun koma mota, jiragen sun rage ciniki. Amma mai son ya fahimci wannan ƙasa gara ya kwana a kan kogi, ya ga faɗin Meghna da idonsa, inda kake tsaye a tsakiya ba ka hango gaɓa ta kowane ɓangare. Daga Patuakhali na hau mota zuwa Kalapara, ƙaramar hukumar da ta tuƙe a bakin teku, tare da wani ɗalibi ɗan Barisal da ya yi mini tafinta. Lokacin ƙarshen damina ne, shinkafa ta fara nuna, wanda kuma shi ne ɗaya daga cikin lokuta biyu da guguwar teku ta fi zuwa: Afirilu da Mayu kafin ruwa ya sauka, sai Oktoba da Nuwamba bayan ya ɗauke.

Mu mutanen tudu in an ce guguwa, iska ce ke zuwa mana a rai, mai kwashe rufin kwano da karya bishiyoyi. A nan ba iskar ce babbar mai kisa ba. Tekun Bengal siffar mazurari gare shi, baki mai faɗi daga kudu, yana tsukewa yana rage zurfi har ya ƙare a gaɓar Bangladesh. Idan guguwa ta taso daga kudu, sai ta turo ruwan teku a gabanta, ruwan ya rasa inda zai bi sai sama. Yakan hau mita biyar, shida, wani lokaci fiye, ya faɗo kan ƙasar da tsawonta bai wuce mita ɗaya ko biyu daga teku ba. In aka yi rashin sa'a ya zo daidai lokacin cikar teku, abin ba ya faɗuwa.

Haka aka yi a daren 12 ga Nuwamba, 1970. Watan azumi ne, wata ya kusa cika, teku ya tumbatsa. Ƙasar a lokacin sunanta Pakistan ta Gabas. Ruwa ya haye tsibirin Bhola da maƙwabtansa da wannan gaɓar ta Patuakhali cikin dare, mutane suna barci. Waɗanda suka mutu an ƙiyasta su tsakanin 300,000 da 500,000, kuma tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ta isa ta gaya maka yadda abin ya kasance: akwai 'yan ci-rani da suka zo girbin shinkafa suna kwana a gonaki, babu wanda ya rubuta sunansu da ransu, balle bayan sun mutu. A yankin Tazumuddin na Bhola kaɗai kusan rabin jama'ar suka tafi. Sakacin da gwamnatin Pakistan ta Yahya Khan ta nuna wajen kai agaji ya ƙara wa wutar siyasa fetur. Wata guda bayan haka jam'iyyar Sheikh Mujibur Rahman ta lashe zaɓe, a shekara mai zuwa aka yi yaƙin da ya haifi Bangladesh.

A 29 ga Afirilu, 1991, wata guguwar ta sauka wajen Chittagong ta kashe kimanin 138,000. Guguwar Sidr, ta 15 ga Nuwamba, 2007, wadda iskarta ba ta gaza ta 1970 ba, ta kashe sama da 3,000. Amphan ta zo a Mayun 2020, a goman ƙarshe na azumi, ga annobar korona, aka kwashe mutum fiye da miliyan biyu zuwa mafaka, mamata a Bangladesh ba su kai 50 ba. Dole a faɗi gaskiya, akwai sa'a a cikin lissafin. Sidr ta zo ne teku ya janye, kuma dajin Sundarbans ya tare wani ɓangare nata. Amphan ma ƙarfinta a Indiya ya fi sauka. Amma sa'a kaɗai ba ta sauko da lamba daga dubu ɗari uku zuwa gommai. Abin da ya kai ni Kalapara ke nan.

Abu na farko da ido ke gani shi ne mafakar. Gini ne na kankare mai hawa biyu ko uku, a tsaye kan ginshiƙai, ƙasansa fayau babu bango don ruwa ya bi ya wuce. Ranar da babu guguwa makarantar firamare ce. Na shiga wata a wani ƙauye kudu da kogin Andharmanik na tarar da yara suna rera jadawalin lissafi a sama, awaki suna kwance a inuwar ƙasa. Dabarar haɗa mafaka da makaranta ta burge ni. Ginin da aka kulle ana jiran ranar masifa, ranar da aka buɗe shi za a tarar ƙofa ta ci tsatsa, jemagu sun tare. Wanda yara ke shiga kullum kuwa akwai mai share shi, akwai mai riƙe da makulli, kuma kowace uwa ta san hanyarsa ko da duhu.

Ɗaya daga cikin malaman makarantar ɗan sa-kai ne a shirin da kowa a nan ke kira CPP, wato shirin shirya wa guguwa da aka kafa a 1972, wanda gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent ke gudanarwa tare tun 1973. Yau 'yan sa-kansa sun haura 70,000 a faɗin gaɓar, rabinsu mata, kuma ba albashi ake biyansu ba. Ya buɗe wani akwatin ƙarfe ya nuna mini kayan aikinsa: riga mai ruwan lemo, lasifikar hannu, jiniyar da ake juyawa da hannu, tocila, rediyo, da tutoci ja masu baƙin murabba'i a tsakiya.

Ya yi mini bayanin yadda labari ke saukowa. Hukumar hasashen yanayi a Dhaka tana bin guguwa tun tana tsakiyar teku, da tauraron ɗan Adam da na'urorin hango hadari, ɗaya daga cikinsu ma a nan Kalapara take. Ita ke fitar da sigina, daga lamba 1 zuwa 11. Daga ofishin CPP saƙo ya sauko gunduma, ya sauko ƙaramar hukuma, ya iso ga shugaban 'yan sa-kai na ƙauye. Shi kuma ya ɗaga tuta, ya aika a sanar a lasifikar masallaci.

Lambobin nan suna da wata matsala da na daɗe ina juyawa. Tun zamanin Turawan mulki aka tsara su, kuma don tashoshin jiragen ruwa aka yi su, ba don manomi ba. Lamba 5 da 6 da 7 haɗari ɗaya suke nufi, bambancinsu kawai ta wane gefen tashar guguwar za ta bi. Haka 8 da 9 da 10: dukansu babban haɗari ne. Lamba 11 kuwa cewa take sadarwa ta yanke, kowa ya yi ta kansa. To amma wa zai ji an ce takwas bai ɗauka da sauran biyu a gaba ba? Mutane da yawa sukan zauna suna jiran goma, alhali takwas ɗin ta isa ta kashe su. Tutocin su suka rage wannan ruɗani. Ɗaya gargaɗi, biyu haɗari, uku a bar gida. Wanda bai taɓa shiga aji ba ya iya ƙirga uku.

Na ce masa ashe aiki ya ƙare, tunda ga gini ga sanarwa. Ya yi dariya ya ce da tafintana: "Bhai, gaya masa jin sanarwa daban, tashi daban. Kowa yana ji. Aikinmu yana farawa ne a ƙofar wanda ya ji ya ƙi tashi."

A kan wannan ƙin tashi na fi daɗewa, domin a nan ainihin maganar take. Baƙo zai yi saurin cewa jahilci ne ko taurin kai. Da na zauna da mutanen sai na ga kowane mai ƙin tashi da hujjarsa, kuma hujjar ba ta banza ba ce.

Ga mai saniya. Saniyar nan ita ce bankinsa, ita ce sadakin ɗansa da kuɗin asibitin matarsa. Ka ce ya bar ta a ɗaure ya hau bene ya tsira da ransa, ya sauko gobe ba shi da ko anini? Da yawa sun mutu a kan wannan. Amsar da aka samo ita ce killa, wani tudun ƙasa mai faɗi da ake tarawa kusa da mafaka don dabbobi. An fara tara irinsu tun farkon shekarun 1970, sababbin mafaka kuma wasu an yi musu gangare maimakon matakala, yadda saniya za ta iya hawa, haka ma keken guragu. Wanda ba a samu killa kusa da shi ba, shawarar da ake ba shi ita ce ya kwance dabbar kafin ya tafi, domin saniya ta iya iyo, igiya ce ke kashe ta.

Ga mai tsoron ɓarawo, wanda ya san in ƙauye ya watse akwai mai zagayawa. Ga kuma wanda aka taɓa tayarwa a banza. A Satumbar 2007 an yi girgizar ƙasa a Sumatra, aka yi gargaɗin igiyar tsunami, jama'ar gaɓar nan suka kwana a mafaka, babu abin da ya zo. Wata biyu bayan haka da aka yi shelar Sidr, wasu suka ce an sake. Wani dattijo da na sha shayi da shi a kasuwar ƙauyen ya ce shi ma cewa ya yi an sake, sai da ruwa ya kai masa ƙugu a tsakar gida ya ɗauki jikarsa ya hau bishiya. Bai ƙara komai a kan haka ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai maganar mata, wadda duk Bahaushe zai gane ta ba sai an yi masa dogon bayani ba. A guguwar 1991 matan da suka mutu sun ninka maza nesa ba kusa ba. Sanarwa a kasuwa da masallaci ake yin ta, inda maza suke. Matar da mijinta ya tafi su a teku ba za ta fita ba da izininsa ba, ko ta ji. In ta fita, za ta kwana a ɗaki ɗaya da mazan da ba muharramanta ba, babu makewayi na mata. In ruwa ya riske ta a hanya, ga goyo, ga sari mai tsawon yadi shida yana naɗe mata ƙafafu, ga dogon gashi yana sarƙewa a reshe.

Wata 'yar sa-kai, mace mai matsakaicin shekaru da kowa ke kira Apa, ta ba ni labarin yadda take yi. Namiji ɗan sa-kai iyakarsa ƙofar gida, ya yi magana da lasifika ya wuce. Ita kuwa har ɗaka take shiga. Ta ce tun kafin lokacin guguwa tana da lissafin masu ciki da masu jego da tsofaffi da guragu na unguwarta, kuma da su ake farawa tun rana ba ta faɗi ba. Takan ce wa tsohuwa: "Khala, tashi mu tafi, ni zan riƙe miki akwatin." Takan sa mata su cire sari su sa riga da wando, su tufke gashi tamau. In matar gida ta ce maigida ba ya nan, sai ta kira shi a waya a gabanta, ko ta kawo surukarta. Ta ce maganar izini yanzu tun kafin miji ya shiga jirgi ake gama ta. A sababbin mafaka akwai ɗakin mata daban da makewayinsu daban, kuma a ganinta wannan makewayin ya kawo mata mafaka fiye da duk wata lacca da aka taɓa yi.

Na tambaye ta masu cewa in kwana ya ƙare ko a bene ne sai an tafi. Ta ce suna nan, amma sun ragu tun da limamai suka shiga aikin. In muryar da ke kiran salla ita ce ta ce a tafi mafaka, gardama takan yi sauƙi.

Abin da na fahimta shi ne, ba a ci nasara a nan don an fi mutane baki ba. An bi hujjojinsu ne ɗaya bayan ɗaya ana biya musu buƙata: tudu don saniya, mace don mace, maƙwabcin da aka sani da suna maimakon murya daga rediyo. Na tuna daren 10 ga Satumba, 2024, da ruwan madatsar Alau ya shigo Maiduguri mutane suna barci. Mu ma ana yi mana hasashen ambaliya duk shekara, har da jerin jihohi da ƙananan hukumomi. Abin da ba mu da shi shi ne mutumin da aikinsa ne ya buga ƙofa, da wurin da aka riga aka sani za a nufa.

Shirin cikin gida kuma kowane yaro ya haddace shi. In an ɗaga tuta biyu, uwar gida takan zuba busasshen abinci a leda ko tulu: chira, wato shinkafar da aka daka ta yi faɗi wadda ake ci ba sai an dafa ba, da gur, mazarƙwailarsu. Ta haɗa da ruwan sha a jarka, ashana, kyandir, ta toshe baki da kyau, a haƙa rami a binne, a sa alama. Takardun gona da katin ɗan ƙasa a naɗe a leda a tafi da su. Famfon tuƙa-tuƙa a kwance kansa a ɗaure bakin bututun da leda, don kada ruwan gishiri ya shiga rijiyar. A caja waya. Akwai lambar 1090 da ake kira kyauta a ji halin da ake ciki. Rufin kwano a ɗaure shi da igiya a turke a ƙasa, domin yanzu da ruwa ya rage kisa, kwanon da iska ta fizgo da bishiyar da ta faɗo su ne ke cin yawancin rayukan. Ana kuma gargaɗi a kan shirun da kan zo a tsakiyar guguwa: iska takan tsaya cak kamar an gama, mutum ya fito duba gidansa, sai ta dawo ta ɗaya gefen.

Bayan ruwa ya janye wani haɗarin ke farawa. Kududdufai sun cika da gishiri da mushe, macizai sun hau duk inda mutum ya hau, gudawa ta biyo baya. Ruwan ɗanyar kwakwa ne abin sha na farko. Haɗin ruwan gishiri da sukari da asibitocinmu ke koya wa uwaye, a ƙasar nan aka yi babban gwajinsa, a cibiyar binciken kwalara ta Dhaka, kuma daga 1980 ma'aikatan ƙungiyar BRAC suka bi gida-gida suna koya wa mata: gishiri ɗan tsunkule da yatsa uku, gur cikin tafin hannu, ruwa rabin lita.

Ina Kuakata, bakin tekun da 'yan Dhaka ke zuwa kallon fitowar rana da faɗuwarta, aka sanar da lamba 3. Ba guguwa ba ce, iska ce ta ɗan rikice a teku, aka ce ƙananan jirage su matso gaɓa. Masu sayar da soyayyen kifi ba su ko ɗaga kai ba. Amma da na je Mohipur da yamma, tashar masunta da ke kusa, na tarar kogin ya cika maƙil da jiragen katako, gefe da gefe, har kana iya taka su ka yi nisa ba ka taɓa ruwa ba. Masu kamun ilish ne, kifin da Bangali ke ji da shi fiye da kowane.

A nan na ga inda shirin bai kai ba. Masunci in ya yi nisa a teku waya ba ta kamawa, ba kowane jirgi ke da rediyo mai aiki ko rigunan ceto ba. Kuma yawancinsu da bashi suka fita. Dillali ya ba da kuɗin mai da ƙanƙara da abinci tun kafin a tashi, da sharaɗin shi za a sayar wa kifi. Jirgin da ya juyo saboda sigina ya dawo da ƙanƙara narkakkiya da bashi a wuya. Wani matuƙi ya ce mini in ya juyo sau uku a kaka ɗaya babu abin da ya faru, a na huɗu mai jirgi ba zai saurare shi ba. Ɗan sa-kai yana iya buga ƙofar gida, amma babu mai buga ƙofar jirgin da ke nisan yini guda daga gaɓa. Bayan kowace guguwa, jerin waɗanda suka ɓace masunta ne suka fi yawa a ciki.

Sauran tafiyar a kan jinga na yi ta, a bayan babur. Tun shekarun 1960 aka fara kewaye gaɓar Bangladesh da jingar ƙasa, yanki-yanki har 139, don a hana ruwan gishiri shiga gona. Ta yi amfani, shinkafa ta ƙaru. Amma jingar da ta hana gishiri ta hana laka ma, wadda koguna ke kawowa tana ɗaga ƙasa kowace shekara. Cikin kewayen yana nutsewa a hankali, gadon kogi a waje yana hawa. A wasu wuraren wajen Khulna ƙasar cikin jinga ta koma ƙasa da dajin da ke waje da kimanin mita guda. Ranar da jinga ta fashe, ruwa ya shiga ke nan, ba shi da hanyar fita. Haka aka gani bayan guguwar Aila a Mayun 2009. Mamata ba su kai na Sidr ko kusa ba, amma a Koyra da Dacope da Shyamnagar teku ya riƙa shiga gonaki yana fita sau biyu a yini har fiye da shekara, iyalai suna zaune a bukkokin leda a kan ragowar jingar. Da yawa daga nan suka wuce Khulna da Dhaka, suka zama masu tuƙa keken haya da 'yan aikin masaƙa.

Guguwar Remal, wadda ta sauka a nan kusa a ƙarshen Mayun 2024 har aka ɗaga wa tashar jiragen ruwa ta Payra lamba 10, ta bar irin wannan tabon. Ta yi jinkirin wucewa, teku ya cika ya janye ya sake cika tana nan, jinga ta karye a wurare da dama. Mai babur ɗin ya tsaya ya nuna mini inda aka toshe da buhunan yashi. Gonar da ke bayan wurin fari fat take da gishiri, ta kusa da ita kore shar. Mai gonar yana nan, ya fito ya same mu. Iyalinsa duka sun kwana a makaranta a daren, babu wanda ya yi ko ƙwarzane, saniyarsa ma ta tsira. Na yi masa barka. Ya amsa, sannan ya ce wa tafintana ya tambaye ni ko a ƙasarmu akwai irin shinkafar da ke jure gishiri fiye da wadda ma'aikatar gona ta ba su, domin wannan ɗin ya shuka ta ba ta yi ba, kuma babban ɗansa ya riga ya tafi Dhaka neman aiki.